Abin da Ban Faɗa Maka Ba Game da Hanyar Yamai

Jibiya,
Safiyar Talata.

Zuwa ga ɗana Mustafa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Ka gaishe mini da Nafisa, ka shafa mini kan takwarar mahaifiyarka. Allah Ya raya ta, Ya ba ta halin mai sunan, Ya ƙara mata da tsawon rai. Aikin da ka samu a Yamai kuwa, Allah Ya sa shi ne mafi alheri, Ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da maƙwabta na kirki, Ya tsare fitarku, Ya tsare shigarku.

Na ga tsarin tafiyar da ka turo mini ta waya. Na ɗauko tabarau na karanta shi har sau uku. Ka ce za ku bar Katsina ƙarfe shida na safe, ku ɗauke ni a nan Jibiya ƙarfe bakwai, a gama da bakin iyaka kafin takwas, Maraɗi tara, Birnin Ƙonni sha biyu da rabi, Dosso biyar, a shiga Yamai da magariba. Har mintocin sallah da na cin abinci ka ware musu layi. Da ɗalibi ne ya kawo mini wannan aiki a zamanin da nake koyar da lissafi, da na ba shi maki cikakke. Abin da ya tayar mini da hankali ke nan. Hannuna na gani a cikin takardar nan. Irinta na rubuta shekara huɗu da suka wuce, a kan wannan hanya ɗin, kuma ka san wadda ban dawo da ita ba.

Ka roƙe ni in bi ku domin in ziyarci kabarin mahaifiyarka a Dosso. Zan ba ka amsa, amma sai ka fara jin abin da ban taɓa faɗa maka ba. Na zaɓi rubutu ne domin na san kaina. In muka zauna fuska da fuska, zan tambaye ka lafiyar tayoyi da ta birki, in sa maka albarka, mu tashi ban ce komai ba.

Abin da aka gaya maka shi ne hawan jini ya buge ta a hanya, ajali ya riske ta a Dosso. Wannan gaskiya ne. Na yi imani cewa babu ran da ke wuce wa'adinsa ko da ƙiftawar ido. Sai dai imani da ƙaddara bai ɗauke wa mutum bayanin abin da hannunsa ya aikata ba, kuma nawa hannun ya aikata abubuwa da dama a wannan yini.

Kuskurena na farko ya faru tun kafin a tayar da mota. Yayarka Zainab ta haihu a Yamai, suna ya kama ranar Lahadi. Mahaifiyarka ta so mu tashi ranar Juma'a bayan an sauko, mu kwana a Ƙonni gidan ƙanwarta Hajara, mu ƙarasa washegari cikin natsuwa. Ni kuma akwai taron da ba na son a ce ban halarta ba, taron da yau ko abin da aka tattauna a cikinsa ba na iya tunawa. Na ce Asabar za mu tashi, mu yi ta a yini ɗaya. Tana ninke kayan jariri a kan tabarma ta ɗago ta dube ni, ta ce da harshensu na Maraɗi, wanda shekara talatin da biyar a gidana ba su canja ba:

"Malam, in mun kwana wajen Hajara, mi za ya ɓaci?"

Na ce, "Kwana a hanya aikin wanda bai iya lissafi ba ne."

Ta yi dariya, ta ce, "To, Allah Ya ba masu lissahi haƙuri da mu." Ba ta sake tayar da maganar ba.

Ka lura da abin da na yi a nan. Na fara yanke cewa yini ɗaya ne, sannan na zo ina matse hanya domin ta shiga cikin yinin. Tafiyar da ta haura kilomita ɗari bakwai, da iyakar ƙasa a tsakiya, ana iya yin ta tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, ban ce ba a iyawa ba. Amma sai in komai ya tafi daidai, kuma ban taɓa ganin ranar da komai ya tafi daidai a kan hanya ba. Saboda haka ka bar wa tsarinka ƙofar fita. Ka kira Inna Hajara tun yanzu, ka ce mata ta share ɗaki, wataƙila ku kwana. Ka yanke wa kanka sharaɗi kana zaune a gida da sanyin kai: in ƙarfe ɗaya da rabi ta yi ba ku bar Ƙonni ba, kun kwana ke nan, babu shawara. Dalilin yanke shi tun a gida shi ne, mutumin da ya yi awa shida riƙe da sitiyari ba ya da adalcin da zai yanke wa kansa hukunci. Kullum gani yake saura kaɗan.

Na biyu ya same ni a bakin iyaka, nan Magama, wurin da nake wucewa tun ina saurayi, har nake ganin babu abin da zai ba ni mamaki a cikinsa. Na jera takardu a cikin jaka bisa tsari, na mutane daban, na mota daban. Abu ɗaya ne ban duba ba, wato ranar ƙarewar takardar inshorar da ke ba mota damar shiga ƙasashen maƙwabta. Ta ƙare da mako guda. Jami'in da ya nuna mini bai ɗaga murya ba, kuma shi ke da gaskiya. Sai da na bar mahaifiyarka da yayana da ya biyo mu a gindin wata darbejiya, na koma aka sabunta ta, na dawo muka bi layi, muka tsallaka Ɗan Isa, 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, da jandarmomi suka yi nasu aikin. Awa biyu suka tafi a nan.

Ina tsaye a layi ina duban agogo, wani dattijon direban babbar mota da ke gabana ya juyo ya ƙare mini kallo, ya ce, "Alhaji malamin makaranta ne ko?"

Na ce, "Yaya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Tun ɗazu kake leƙen agogo kamar mai shirin kaɗa ƙararrawa. Hanya ba aji ba ce, Malam. Mu da muka tsufa a kanta, in mun fito ba mu cewa yau muna Yamai. Cewa muke mun nufi Yamai."

Mutanen layi suka yi dariya. Ni ma na yi murmushin da mai ilimi ke yi wa wanda yake ganin bai kai shi ba. A raina kuwa lissafi nake yi, ina neman inda zan ciro awa biyun nan. Gudu ba halina ba ne, ka sani, ban taɓa wuce ƙa'ida ba. Sai na ciro su daga wurin da ya fi sauƙi, wato daga tsaye-tsaye. Na soke hutun Maraɗi, na soke na Madawa, na rage na Ƙonni.

Ka duba kowace takarda da idonka, ka karanta ranar da ke jikinta da ƙarfi, mako guda kafin tafiya. Ana gobe ka leƙa tasha ka tambayi direbobin da suka shigo a ranar halin da iyaka da hanya suke ciki, domin ka san yadda zamanin nan yake, abin da ke buɗe yau yana iya wayar gari a rufe. Kada ka fito daga Katsina sai gari ya waye sarai, motoci sun fara kai da kawowa. Amma abin da nake so ka riƙe fiye da waɗannan shi ne, lokacin da ya ɓace a bakin iyaka ya ɓace. Kada ka bi shi. Duk wanda ya ce zai mayar da shi, daga jikin wani zai yanko shi, kuma yawanci daga jikin wanda ba zai yi magana ba.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu uku ne a motar. Babanku Alhaji Lawal, yayana, ya ce zai bi mu ya ga 'yarsa Zainab da jikansa, na kuwa yi murna, domin mutum ne mai hira, ba ya barin direba ya yi gyangyaɗi. Ya zauna a gaba kamar yadda ya dace da girmansa. Mahaifiyarka ta zauna a baya, a bayan kujerata, inda ba na ganin komai nata sai gefen mayafi a madubi. Ka san yadda take da shi. Tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, in ya shigo tsakar gida durƙusawa take har ƙasa. Wan miji ne. Da ƙanena ne, da sun yi ta tsokanar juna har Yamai, da ta ce masa, kai, gaya wa yayanka ya tsaya. Amma wan miji ne, ni kuma ban saka wannan a lissafina ba, alhali a cikin wannan al'ada aka haife ni, a cikinta na tsufa.

Da muka bar Ɗan Isa na faɗa da ƙarfi, yadda kowa zai ji: "To, babu sauran tsayawa sai Ƙonni. Kowa ya yi haƙuri." Yaya ya ce, "Shugaban makaranta ya yi doka." A madubi na ga mahaifiyarka ta gyara mayafinta.

Bazara ce, irin wadda kwalta ke walƙiya kamar an zuba mata ruwa. Bayan Gidan Rumji na kashe na'urar sanyi, na sauke gilasai, saboda na lissafa cewa in na bar ta a kunne sai na tsaya shan mai kafin Ƙonni. Iskar da ke shigowa kamar daga bakin tanda take. Ni da Yaya muna ta ɗaga goran ruwa. Na miƙa mata nata ta baya tun a Maraɗi, ta karɓa, ta ce Allah Ya saka. Ban waiwaya na ga ko ta buɗe ba.

A Galmi Yaya ya ga buhunan albasa jere a bakin titi, ya dafa mini hannu, ya ce, "Ƙanena, dokarka doka ce, amma in na wuce Galmi ban sayi albasa ba, uwargidana ba za ta buɗe mini ƙofa ba." Na tsaya, domin yaya ba a ƙi masa. Ka ga dokar da na ce ba ta karyuwa ta karye saboda albasa. Muka fita mu biyu, ya yi cinikinsa, muka zaga bayan wani gini muka kama ruwa kamar yadda maza ke yi a ko'ina. Na leƙo ta taga na ce mata, "Ba ki fitowa?" Ta dubi filin, babu katanga, babu gida, maza ko'ina, ga Yaya tsaye a jikin mota yana ɗaure buhu. Ta ce, "Lahiya lau nike, Malam. Mu tahi."

A Ƙonni muka tsaya a wani masallaci na bakin hanya. Gidan Hajara bai fi tafiyar minti biyar daga nan ba. Na san kwanar, na ga kwanar, na wuce ta da gangan, domin na san gaisuwar gidan dangi ba ta ƙarewa a minti goma. Za a shimfiɗa tabarma, a dama fura, a aika a kira maigida daga kasuwa. Mahaifiyarka ta bi kwanar da ido har ta ɓace. A wannan gida akwai inuwa, akwai randa, akwai bayan gida mai ƙofa, akwai 'yar'uwarta da za ta dube ta sau ɗaya ta gane abin da ni ban gane ba a yini guda.

Muka yi alwala ni da Yaya. Ita ta shimfiɗa dardumarta a gefe, ta tayar da sallah. Da ta sallame na ce, "Ba ki yi alwala ba?" Ta ce, "Ina da ta asuba." Yaya ya ce, "Masha Allah! Hajiya ta fi mu, mu da muka yi uku." Ni kuma, Mustafa, daɗi na ji. Na ji alfahari cewa matata ba ta da fitina a tafiya, ba irin matan da ke sa a tsaya kowane gari ba. Mace mai shekara hamsin da biyar, mai hawan jini, a cikin wannan zafi, tana riƙe da alwalar asuba har bayan azahar. Ɗalibin aji ɗaya zai iya gaya maka abin da wannan yake nufi. Ni da digiri biyu na ce masha Allah, na duba agogo.

Bayan Ƙonni na ga ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaure shi tamau a goshi. Na ce, "Ciwon kai ne?" Ta ce, "Kaɗan ne, rana ce." Da can ina jin ƙarar carbinta jefi-jefi, sai na daina ji, na ɗauka barci ya ɗauke ta, har na ce wa Yaya ya rage murya. Da muka shiga Dogon Dutsi, Yaya ya ce mu tsaya mu miƙe ƙafa, mu sha ruwan sanyi. Na ce muna bayan lokaci da minti arba'in, a bari sai Dosso. Akwai asibiti a garin. Na wuce ta gabansa.

Mun yi kamar rabin hanyar Dosso sai na ji ta kira ni. Ba "Malam" ta ce ba, wani abu ne mai kama da shi, harshen ya yi nauyi. Kafin in gangara gefen titi ta riga ta kife a kan kayan jariri. Abin da ya biyo baya ka san shi. Mun isa asibiti a Dosso rana ta yi sanyi, ma'aikatan sun yi iyakar ƙoƙarinsu, kuma kafin a kira magariba Allah Ya karɓi abinSa. Washegari da hantsi, lokacin da ake raɗa wa ɗan Zainab suna a Yamai, mu muna maƙabarta tare da mutanen da ba su san mu ba, suka bar sana'o'insu suka zo suka sallace ta. Allah Ya saka musu da Aljanna.

Da na buɗe ƙofar baya domin in kwashe kayanta, na tarar da goran ruwan a ƙasan kujera. Ko murfinsa ba a karya ba.

Sauran bayanin sai bayan sadakar arba'in na same shi. Zainab ta same ni a zaure, ta zauna nesa da ni, ta ce akwai maganar da ta hana ta sukuni. Ana gobe za mu tashi sun yi waya da mahaifiyarku. A cikin hira ta ce mata, "Ƙwayar nan mai sa yawan fita, na aje ta sai mun iso. Da Yaya za mu taho, kuma kin san babanku da agogo." Zainab ta yi mata faɗa, ita kuma ta mayar da abin wasa. Na tashi na buɗe jakar hannunta, wadda ban iya taɓawa ba tun ranar. Maganin hawan jininta yana ciki, na kwana biyu ba a ɓalle ba. Ta bar maganinta, ta bar ruwa, domin kada ta buɗe baki a gaban wan mijinta ta ce a tsaya mata, domin kuma kada ta ɓata wa mijinta jadawali.

Na roƙi Zainab kada ta gaya maka, na ce kana tsakiyar jarrabawa. Jarrabawar ta wuce da shekara huɗu. Gaskiyar ita ce ban so ka dube ni da wannan a idonka ba. A wurin zaman makoki mutane sun yi ta yaba tawakkalina, suna cewa ko hawaye Malam bai zubar ba. Ban gyara musu ba. Wannan riƙe kai da ake yabo, shi ne dai ya hana ni juyawa in dubi kujerar baya, shi ne kuma ya koya wa mutanen gidana cewa buƙatar jiki abin ɓoyewa ce a gabana. Ba na ɗora wa Yaya komai, bai san komai ba har ya koma ga Allah bara, kuma na gode da bai sani ba. Ba na kuma zargin kunya. Kunya ado ce, da ita aka san gidan mutunci. Amma wanda ake jin kunyarsa, shi ke da alhakin buɗe wa mai kunya hanya ba tare da ta roƙa ba. Wannan aikin nawa ne, ban yi ba.

Saboda haka ga abin da nake so ka yi, kuma ina roƙonka ka ɗauke shi da nauyin wasiyya. Kada ka taɓa tambaya a cikin mota, "Akwai mai son a tsaya?" Amsar a'a ce, ko da ran mutum na fita. Kai ne za ka tsaya, duk bayan awa biyu, ka ce kai ne ka gaji. Ka zaɓi wurin tsayawa da idon mace, ba da naka ba: gidan mai da ke da bayan gida mai ƙofa da ruwa, ko gidan dangi, ko gidan abincin da ka ga mata na shiga. In kun tsaya, ka karɓi yarinyar ka yi nisa da ita, ka ba uwarta lokaci ba tare da ka tsaya mata a ka ba. Nafisa tana shayarwa, abin da ta sha mutum biyu yake ɗauka. Ka buɗe goran da hannunka, ka miƙa mata, ka ga ya ragu. In tana shan wani magani, ka ga ta haɗiye shi kafin a tayar da mota. Ka cika tanki a Maraɗi ko da bai yi rabi ba, ka bar na'urar sanyi a kunne. Kuma ka shiga gidan Hajara. Ko an yi awa guda ana gaisuwa, ka zauna ka sha furar, ka amsa tambayar lafiyar kowa da kowa har ta awaki. Waɗanda suka ƙirƙiro doguwar gaisuwa sun san hanya fiye da ni.

In ka ji wani ya yi shiru a mota, kada ka ce barci ne sai ka tabbatar. Ka kira sunansa, ka ji yadda harshensa ke fita. In ka ga ciwon kai mai tsanani, ko magana ta yi nauyi, asibitin da ya fi kusa shi ne naka, ko da yana bayanka ne. Ka juya.

Yanzu amsar roƙonka. Ba zan bi ku ba.

Kada ka ɗauka ba na so. Tun ranar da muka bar Dosso ban sake riƙe sitiyari ba, ban kuma sake taka garin ba. Ƙafafuna ba sa jure zaman motar haya yanzu, kuma na san wataƙila wannan ce damar da ba za ta sake zuwa ba. Da na karanta saƙonka sai da na tashi na ciro jakar tafiya daga saman kabad. Tana nan a buɗe a kan gado ina wannan rubutu.

Amma na tuna zuwanku da Sallah. An kawo wa Nafisa zoɓo a falo, ina zaune. Ta karɓa da hannu biyu, ta ajiye a gefen ƙafarta. Muka yi hira da kai fiye da awa guda, ƙanƙarar ta narke, ba ta taɓa kofin ba. Na fita amsa sallama, na dawo bayan minti biyu, na tarar da shi wayam. Yarinyar kirki ce, an yi mata tarbiyya irin ta gidajen da. In wan miji ya hana mahaifiyarka shan ruwa bayan shekara talatin da biyar, me kake zaton uban miji zai yi wa yarinyar da ba ta cika shekara uku a gidanka ba? Ba za ta sha ba, ba za ta ci ba, ba za ta ce a tsaya ba, kuma ko shayar da 'yar sai ta yi ta jinkirta shi tana lulluɓe-lulluɓe. Na san za ka ce za ka yi mata magana, ni ma in yi mata. Za ta ce to, ta sunkuyar da kai, ta yi abin da aka raine ta a kai. Ba a cire kunya da umarni. Abin da za a iya cirewa shi ne ni.

Ka zaunar da ita a gaba, kusa da kai, inda kake ganin fuskarta ba gefen mayafinta ba. Ku biyo ta nan ku karya kumallo, ita a ɗakin mata, mu a zaure. Zan raka ku har Magama a motar maƙwabcina, in tsaya har ku tsallaka, in dawo.

Game da Dosso kuma, in kun isa da sauran rana, kowa lafiya, yarinya ba ta kuka, ka tsaya ka yi wa mahaifiyarka sallama, ka yi mata addu'a, ka haɗa da tawa. Kabarin yana gefen gabas, kusa da wata aduwa, mai gadin wurin zai nuna maka in ka ce matar Jibiya. In kuwa rana ta yi ƙasa, ko ka ga gajiya a fuskar matarka, ka wuce, ko ku nemi masauki ku kwana. Addu'a tana isa daga ko'ina, shekara huɗu daga nan ɗakin nake aika tawa. Na san mahaifiyarka. Da za a tambaye ta, cewa za ta yi a kai yarinyar nan ta huta.

In ka karanta wannan ka ji zuciyarka ta yi nauyi a kaina, ba zan ce ba ka da hakki ba. Abin da nake roƙo shi ne ka yafe mini ɓoyewar da na yi, ka kuma roƙa mini gafarar Allah a kan sauran. Kada ka yi fushi da Zainab, umarnina ta bi.

Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya yalwata kabarinta, Ya shayar da ita daga tafkin ManzonSa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Allah Ya naɗe muku nisan hanya, Ya kare ku daga sharrin ƙarfe da na mutum da na gaggawa. Ya zama abokin tafiyarku, Ya zama mai tsaron abin da kuka bari. Ya sauke ku lafiya, ku uku, ko a yini ɗaya ko a biyu. Na ba Allah ajiyarku, Shi da ajiyarSa ba ta ɓata.

In kun sauka ka kira ni, amma sai bayan Nafisa ta ci abinci ta kwanta. Zan jira.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Abdulƙadir